Mai Kiwon Ɓeran Gwaji

A yawancin jami'o'inmu masu koyar da likitanci ko haɗa magunguna akwai wani ɗan gini da ake warewa can baya, nesa da azuzuwa da hayaniyar ɗalibai. Tagoginsa na da raga, ƙofarsa ba ta zama a buɗe, kuma tun kafin ka ƙarasa hancinka zai sanar da kai akwai dabbobi a ciki. Nan ne ɗakin dabbobin gwaji. Kejuna ne jere a kan kantoci, kowanne da kwalbar ruwa a kife da ɗan kati mai kwanan wata, a ciki kuma fararen ɓeraye masu jan ido. Mutumin da ke ciyar da su, ya haɗa su barbara, ya yaye 'ya'yansu, ya auna su, ya miƙa wa mai bincike, sana'a gare shi cikakkiya, mai ƙa'ida da lissafi da riba da asara, ko da yake ba kowa ya san da ita ba.

Gwanintarsa ta fi fitowa fili a binciken wata cuta ta mata da likitoci ke kira PCOS, wadda ke taɓa ma'ajiyar ƙwan haihuwa. Wasu likitoci biyu na birnin Shikago a Amurka, Irving Stein da Michael Leventhal, su suka bayyana ta a 1935 bayan sun duba mata 7. Al'ada takan riƙa tsallake watanni, ƙwai ya ƙi nuna balle ya fito, homon na maza ya yi yawa a jini har gashi ya tsiro a haɓa da ƙirji, fuska ta feso da ƙuraje, jiki ya yi teɓa, bayan wuya ya yi duhu, ciwon sukari ya riƙa leƙowa. A taron da masana suka yi a Rotadam ta ƙasar Holand a 2003 aka tsayar da cewa alama biyu cikin uku sun isa a tabbatar da ita: rikicewar fitar ƙwai, yawan homon na maza, da tarin 'yan jakunkunan ƙwai da hoton ciki ke nunawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana samun mata 6 zuwa 13 cikin kowane 100 da ke shekarun haihuwa, kuma waɗanda ba su san suna da ita ba na iya kai 70 cikin 100. Tana sahun gaba cikin abubuwan da ke jinkirta haihuwa. Duk wanda ya san irin kallon da ake yi wa matar da ta shekara biyar a ɗaki ba ko ɓari, da maganganun da ke biyo baya daga dangin miji, ba sai an gaya masa muhimmancin wannan bincike ba.

Masana ba su gama gano tushen cutar ba, kuma akwai tambayoyin da ba za a taɓa gwada su a jikin mutum ba. Ba mai yi wa mai ciki allurar homon don ya ga abin da zai sami 'yarta bayan shekara 20. Dole sai dabba. Ita kuwa macen ɓera ba ta kamuwa da wannan cuta haka kawai, sai an sa mata da gangan. Saboda haka aikin ya rabu biyu. Mai bincike shi ke sa cutar. Mai kiwo shi ke tabbatar da cewa ba wani abu da ya sami dabbar face wanda aka yi niyya. Na biyun ya fi wuya, kuma a kansa sakamako ke tsayawa ko ya rushe.

Jarin farko shi ne iri. Wanda ya fi yawa a ɗakunan gwajinmu shi ne Wistar, wanda aka fara tsara kiwonsa a Cibiyar Wistar ta birnin Filadelfiya tun 1906, ƙarƙashin Henry Donaldson, kuma wata masaniya mai suna Helen Dean King ta yi shekaru masu yawa a kan gyaran irin. Akwai kuma Sprague Dawley, wanda ya fito daga jihar Wiskonsin a 1925. A nan gida, masu buɗe sabon ɗaki kan nemo iyaye daga wuraren da suka daɗe a harkar, irin su Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, ko ɗakunan dabbobi na tsofaffin jami'o'i kamar ta Ahmadu Bello a Zariya. Sai dai a faɗi gaskiya, ba kowane farin ɓera ne Wistar ba. Irin na buƙatar garke mai faɗi, a riƙa gauraya jini. Idan ƙaramin ɗaki ya shekara da shekaru yana haɗa wa da ƙanwa, 'ya'ya sai su ragu, su ƙanƙance, lahani ya fara bayyana, sunan kawai ya rage a takarda. Mai kiwon kirki yana da littafin da ke nuna wace uwa ta haifi wa, kuma lokaci lokaci yakan sayo sababbin maza daga wani garke.

Ana haɗa namiji ɗaya da mata biyu ko uku. Ciki kwana 21 ne zuwa 23. Da ya ga cikin ya fito sai ya ware uwar a kejinta ita kaɗai, ya ƙara mata shimfiɗa. Takan haifi 6 zuwa 12, jajaye, ba gashi, ido a rufe, sai wajen mako biyu suke buɗe shi. A kwanakin farko ba ya taɓa su sai dole, domin uwar da aka firgita da hayaniya, ko ta rasa ruwa, ko zafi ya dame ta, tana iya cinye 'ya'yanta a dare ɗaya. Kwana 21 sai yaye. A nan ne yake ɗaga kowane ɗa ya duba ƙarƙashin wutsiya, ya ware maza da mata ta tazarar da ke tsakanin mafitsara da dubura, wadda ta fi faɗi a namiji. Kuskure ɗaya a nan, namiji guda ya saje cikin kejin mata, bayan 'yan makonni sai a tarar da masu ciki a garken da aka yi alkawarin budurwai ne.

Aikin yau da kullum bai da ado. Shimfiɗa dusar katako ce mai fala-fala, wadda injin goge katako ke fitarwa, ana sayenta buhu buhu a wurin 'yan katako. Garin zarto mai laushi ba ya yi, yana shiga hanci da huhu. Haka wadda ta fito daga katakon da aka yi wa maganin gara. Ana shanya ta ta bushe sarai, a canza ta sau biyu ko uku a mako, domin fitsarin ɓera idan ya kwanta yana tayar da zarni mai yanka ido, shi kuma ke buɗe ƙofa ga ciwon huhu, wanda ya fi kowace cuta addabar irin wannan garke. Mai kiwo kan gane shi da kunne: atishawa, da wani ɗan gurnani a numfashi. Yana kuma duba ido da hanci. Idan ya ga wani jan abu ya taru a nan, ba jini ba ne, wani ruwa ne da ɓera ke fitarwa idan ya takura ko ba shi da lafiya, kuma alama ce ta a binciki kejin.

Abinci shi ke cin kuɗi. A ƙasashen da harkar ta kafu akwai dunƙulen abinci na musamman don ɓeran gwaji. A nan yawanci abincin kaji masu tasowa ake ba su, irin Vital Feed da ake yi a Jos, wasu a dunƙule, wasu gari su kwaɓa su busar. Babban ɓera kan ci kamar giram 20 a rana. Ke nan guda 100 za su cinye kilo 2, buhu mai kilo 25 ba zai kai mako biyu ba, mai guda 300 kuwa kusan duk kwana 4 sai ya ɓare sabo. Da damina buhu na saurin yin fumfuna, kuma gubar fumfuna na lalata hanta ba tare da an gani ba. Akwai wani abin lura da ya shafi wannan bincike musamman: waken suya da ke cikin abincin yana ɗauke da sinadaran da ke kwaikwayon homon na mata. Don haka mai kiwon da ya san aikinsa ba ya canza kamfani ko nau'in abinci a tsakiyar gwaji, ko da ya sami mai araha. Gara ya sa ɗaliba ta sayi buhunan da za su kai ta ƙarshe tun ranar farko.

Ɗalibar da za ta yi wannan bincike takan zo da takardar amincewa daga kwamitin da ke sa ido kan amfani da dabbobi, ta ce, Baba, mata 30 nake so, masu nauyin giram 150 zuwa 200. Shi kuma ya riga ya san lissafin bayan wannan magana. Rabin kowace haihuwa maza ne, don haka sai uwaye 8 ko 10 sun haihu cikin mako guda kafin a sami mata 30 sa'annin juna. Mako 3 na ciki, wajen mako 8 na girma, kusan wata 3 ke nan daga ranar da aka haɗa iyayen. Bayan an ware mata su, sai a bar su mako ɗaya ko biyu su saba da sabon keji da sabon hannu. Ana yi wa kowacce shaida, da zobba a wutsiya ko da wani ruwan ɗorawa mai kama gashi, wannan a ka, waccan a gadon baya, waccan a ƙafar dama, domin ido ba ya bambance farare 30.

Hanyar da ta fi yaɗuwa a jami'o'inmu ita ce ta maganin letirozol, wadda Kafali da abokan aikinsa suka bayyana daga Turkiyya a 2004. Asalin maganin na sankarar mama ne. Aikinsa toshe sinadarin da ke juya homon na maza ya koma na mata, sai na mazan ya taru a jiki, ƙwai ya tsaya bai nuna ba. Ana ba da miligiram 1 a kan kowane kilo na nauyin dabba, ta baki, kullum, har kwana 21. Ƙwaya ɗaya miligiram 2.5 ce, ke nan tana isar ɓeraye 12 masu giram 200 a rana guda. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne wannan magani dai shi likitoci ke ba matan da ke da cutar, na kwana 5 kacal a farkon wata, don ya zaburar da ƙwai ya fito, kuma wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2014 ya nuna ya fi wani maganin mai suna kilomifin kawo haihuwa. Bambancin na tsawon kwanaki ne da yawan abin da ya shiga jiki.

Ɗura maganin wani fanni ne na kansa. Ƙwayar ba ta narkewa a ruwa, sai a niƙe ta a dama a wani ruwa mai ɗan kauri, a riƙa girgizawa kafin kowace zuƙa, in ba haka ba ta farko ta sha ruwa zalla, ta ƙarshe ta sha na mutum uku. Mai kiwo zai ɗauko ɓera ta gindin wutsiya, ya ɗora ta a hannun rigarsa ta natsu, sannan ya tattaro fatar wuya da ta gadon baya da hannun hagu har kai da jiki su miƙe. A hannun dama sirinji ne mai doguwar allura mai dunƙulen baki, wadda ya riga ya gwada tsawonta daga baki zuwa haƙarƙarin ƙarshe. Yana zura ta ta gefen haƙora, a hankali, yana jiran dabbar ta haɗiya da kanta. In ya ji turjiya ko kaɗan sai ya zare ya sake. Idan allurar ta kauce ta bi hanyar iska, ruwan ya tafi huhu, kumfa zai fito ta hanci, kuma da wuya ta kai gobe. Ɓera ba ya iya amai, abin da ya shiga ya shiga. Mata 24 a kwana 21 ɗuri sama da 500 ke nan, ban da na rukunin da ake ba ruwan damun kawai don a gwada sauran da su. Duk mako kuma sai an sake hawa sikeli, saboda masu shan letirozol na saurin ƙara nauyi, awon magani kuma na bin nauyi. Mace mai ciki ba a barinta ta niƙa wannan ƙwaya.

Akwai wasu hanyoyin. Wasu na yi wa 'yan yaye allurar wani homon mai suna DHEA a ƙarƙashin fata, miligiram 6 a kan kowane giram 100, a narke cikin man riɗi, kullum har kwana 20. Wani ayari a birnin Gotenbag na Suwidin ya nuna a 2007 cewa idan aka dasa wa 'yar kwana 21 wata ƙwaya mai tsiyayar da homon DHT na kwana 90, takan yi teɓa, jikinta ya daina jin insulin, abin da ya fi kama da ɓangaren sukari na cutar. Tsohuwar hanyar da aka yi aiki da ita a Kanada a shekarun 1980 allura ɗaya ce ta homon na mata a jira wata biyu. Tana da sauƙi, tana kawo jakunkunan ruwa, amma ba ta kawo yawan homon na maza, don haka masana da yawa ba sa ɗaukarta a matsayin kwatancin cutar na sosai.

Ta yaya za a san cutar ta kama? Macen ɓera ba ta al'ada. Tana da zagaye na kwana 4 ko 5, mai matakai huɗu, kuma ana karanta shi ne da safe, a kan lokaci ɗaya kullum. Ana ɗiga ɗan ruwan gishiri na asibiti a bakin farjinta da siririn bututu, a zuƙo shi, a ɗiga a gilashi, a duba a maikiroskof. Ranar da take shirin karɓar namiji za a ga ƙwayoyin halitta masu zagaye da ɗigo a tsakiya. Ranar barbara sai manya masu faɗi marasa ɗigo, a cure. Ranakun hutu kuwa, waɗanda suka fi tsawo, gilashin kan cika da ƙananan ƙwayoyin farin jini. Tun a 1922 Long da Evans suka tsara wannan karatu a Kalifoniya, kuma har yau da shi ake aiki. Kafin a fara magani ana bin kowacce wajen kwana 10, wadda zagayenta bai daidaita ba a cire ta. Wadda letirozol ya kama za ta maƙale a matakin hutu, yau farin jini, gobe farin jini, har mako ya zagayo.

A nan ne hannu ke iya yin ƙarya ba tare da mai shi ya sani ba. Idan aka zura bututun ya yi zurfi har ya taɓa bakin mahaifa, jikin ɓerar sai ya ɗauka namiji ne ya hau ta, ta shiga cikin ƙarya na wajen kwana 12. Duk tsawon kwanakin nan gilashinta farin jini zai nuna, daidai da na mai cutar. Ɗalibar da ba a koya mata ba za ta rubuta cewa magani ya yi aiki, alhali gaggawar hannunta ce. Shi ya sa za ka ga dattijon ɗakin ya tsaya a kanta kwanakin farko, yana riƙe mata dabbar, yana cewa, a hankali 'yata, a bakin nan kawai.

Haske ma haka. Fitar ƙwan ɓera na ɗaure da sauyin dare da rana, shi ya sa ƙa'ida ita ce awa 12 haske, awa 12 duhu. Idan aka bar mata a cikin haske dare da rana na makonni, zagayensu kan tsaya, ma'ajiyar ƙwansu ta cika da jakunkuna, har wasu masu bincike na amfani da wannan da gangan a matsayin hanyar sa cutar. Ƙwan fitila ɗaya da aka saba mantawa a kunne, ko fitilar tsaro da ke hasko taga daga waje, na iya taɓa rukunin masu lafiya, waɗanda da su ake auna kowa. Mu a nan mun yi sa'a da tsawon yininmu bai cika nisa da awa 12 ba duk shekara, don haka hasken rana ya wadatar idan an kiyaye dare. Amma kiyaye daren aikin mutum ne, wanda zai zagaya da magariba ya kashe, ya ja labule.

Yanayi shi ne abokin gabar da ba ya hutu. Ɓeran gwaji na son sanyin digiri 20 zuwa 26, mu kuwa a Kano ko Sakkwato watan Afrilu kan haura 40. Ɓera ba ya gumi. Ta wutsiya yake fitar da zafi, in abin ya yi yawa ya shafe jikinsa da yawu. Mai kiwo na ganin ƙirji a jiƙe ya san an kusa asara. Idan wuta ta ɗauke, man janareta ya ƙare, sai rage yawan da ke kowane keji, da rataya jiƙaƙƙen buhu a taga, da cika kwalabe sau biyu. Da hunturu kuma bushewar iska kan sa wutsiyar jarirai ta yi zobba har wani lokaci ta guntule, sai a ajiye kwanonin ruwa a ɗakin. Ga kwarkwasa da ke iya gamawa da jarirai kafin asuba. Ga ɓeran waje da ƙamshin abinci ke jawowa, wanda shigowarsa ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar da ke fama da zazzaɓin Lassa, tun da wani ɓeran daji mai nonuwa da yawa ke ɗauke da ƙwayar cutar. Toshe rami da gyaran raga na cikin aikin kamar yadda ɗuri yake.

A wasu ƙasashe abokan sana'ar mai kiwon nan tumaki da birai suke kiwo don wannan cuta. A Jami'ar Mishigan, Vasantha Padmanabhan ta shafe shekaru tana yi wa tumaki masu ciki allurar homon na maza daga kwana 30 zuwa 90 na cikin da ke ɗaukar kwana 147, tana bin 'ya'ya matan har su girma su nuna alamun cutar. Tunkiya ta fi ɓera kusa da mace, tun da ƙwai ɗaya ko biyu take saki, ba goma ba. A Wiskonsin David Abbott ya yi irin wannan da birai, waɗanda ke al'ada kusan duk wata, amma sai an jira shekara 3 kafin 'ya ta balaga, kuɗin kuma ba na ƙaramar jami'a ba ne. A 2018 wani ayari a birnin Lil na Faransa ya nuna cewa yawan wani homon mai suna AMH a jikin macen ƙaramin nau'in ɓera mai ciki na sa 'ya'yanta mata su tashi da alamun. A 2019 kuma masana a Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka ba da rahoton cewa 'ya'yan matan da ke da cutar sun ninka sauran sau 5 wajen samunta, kuma a ƙananan ɓeraye tasirin na kai wa har tattaɓa kunne. Daga kejuna da garke aka fara fahimtar cewa cutar na iya samo asali tun mace tana cikin uwarta.

Wannan ya kamata ya sa mu yi hattara da namu sakamakon. Ɗalibanmu kan gwada zogale, hulba, habbatus sauda ko kirfa a kan ɓerayen letirozol, su gwada su da metfomin ko kilomifin. Aiki ne mai kyau, kuma mataki ne na farko. Amma jakunkunan ɓera manya ne masu ruwa, na mace kuwa ƙananan ƙwai ne da suka tsaya a hanya, kuma idan aka daina ba ɓera letirozol zagayenta na iya farfaɗowa da kansa. Ganye ya gyara ɓera a mako 3 ba hujja ba ce ta a ɗura shi a kwalba a sayar wa mata a kasuwa. Masu kiwon da suka ga gwaji da yawa sun fi kowa sanin haka.

Ranar ƙarshe ita ce mai nauyi. An hana su abinci tun dare, an auna sukari daga bakin wutsiya, sai allurar barci, sai ɗiban jini daga zuciya, sai a ciro ma'ajiyar ƙwai, wadda ba ta kai kashi 1 cikin 10 na giram ba, a jefa a ruwan fomalin, a kai inda za a yanka ta siriri a rina a duba. A ta mai lafiya za a ga tabon da ƙwai ke bari bayan ya fita. A ta mai cutar sai jakunkuna masu siririn bango. Gawarwakin a ƙone su ko a binne da zurfi. Mutumin da ya riƙe su tun suna jajaye shi ke riƙe su a wannan rana, kuma na kirki ba ya yarda a fara yanka sai ya matse yatsan ƙafa ya tabbatar ba motsi. Tun 1959 wasu masana biyu na Ingila, Russell da Burch, suka shimfiɗa ƙa'idar da duniya ke bi: a guji dabba in akwai wata hanya, a rage yawanta, a sauƙaƙa mata wahala. Ga musulmi da ya tashi da labarin matar da aka hukunta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, wannan ba baƙon karatu ba ne.

Wasu sun shigo sana'ar da takardar fasahar ɗakin gwaji daga kwalejin kimiyya, wasu daga kwalejojin lafiyar dabbobi na Vom, da yawa kuma daga wankin keji suka fara har hannu ya faɗa. Na gwamnati albashi yake ɗauka, kuma matakinsa na ƙasa ne idan aka duba abin da ke wuyansa. Ba shi da Asabar ba shi da Lahadi, ranar Sallah ma sai ya leƙo bayan an sauko idi. Cizo ya zama jiki. Wasu bayan shekaru sai gashi da fitsarin ɓera su tayar musu da mura da ƙaiƙayi, har asma. Warin ɗakin na bin tufafi zuwa gida, kuma ba kowane maƙwabci ke fahimtar mai kiwon abin da kowa ke sa wa tarko ba. Idan aka wallafa binciken, da wuya sunansa ya fito ko a layin godiya, kuma ina ganin wannan rashin adalci ne da ba ya buƙatar ko kwabo a gyara.

Masu zaman kansu, waɗanda suka gina ɗan ɗaki a bayan gida kusa da jami'a, kuɗinsu na shigowa ne ta sayar da kai, farashi na bin nauyi da jinsi, sai ladan riƙo idan ɗalibi ya bar dabbobinsa a hannunsu, sai na ɗuri da ɗiban jini. Gwajin mata 30 da zai ɗauki mako 10 kan ci kusan buhu 2, ban da dusar katako da sabulu da safar hannu da takunkumi. Mazan da suka rage sai a jira masu gwajin ciwon sukari ko na hanta. Farashin abinci na tafiya da na masara da waken suya, kuma tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 komai ya tashi, yayin da mai saye ɗalibi ne da ke biya daga aljihunsa, ga kayan auna homon da ake shigo da su da dala na jiransa.

Babbar kasadar ita ce ɓera kayan gwari ne. Nauyin da ake nema 'yan makonni kawai yake tsayawa, in ya wuce ba mai saye, ga shi yana ci. A 2022, lokacin da malaman jami'o'i suka yi yajin aiki na wata 8, azuzuwa sun rufe amma ɗakunan dabbobi ba su da damar rufewa. A irin wannan hali mai kiwo kan raba maza da mata, ya rage garke zuwa zaɓaɓɓun iyaye. Bai kuma isa ya tsayar da barbara gaba ɗaya ba, domin macen ɓera da ta doshi shekara haihuwarta ta ja baya, in ya jira iri ya tsufa a hannunsa. Sai ya riƙa haɗa kaɗan kaɗan, yana ciyar da 'ya'yan da ya san ba mai saye, daga aljihunsa ko daga ɗan abin da sashe ya iya bayarwa. Ranar da aka koma karatu kuma kowa zai zo a mako guda yana neman mata 30 masu giram 150, shi kuwa ba yadda zai yi ya ba su kafin wata 3.